Yadda ake zaɓen mariƙin gaba na bindigar wasan harbi a Saudiyya

Mariƙin gaba shi ne abin nan da ya lulluɓe bututun bindiga, inda hannun hagu ke kamawa in kai ba bahago ba ne. Aikinsa uku ne. Yana kare tafin hannu daga zafin bututu, yana ba da wurin ɗaura maratayi da 'yan ƙafafun da ake tsayar da bindiga a kansu, sannan na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne kada ya dami bututun. Matasanmu na Makka da Jidda da Riyad da suka shiga wasan harbi sukan fara da hoto a waya: sun ga wani dogo baƙi mai ramuka, ya burge su, sai a nemi kuɗi. Ni kuwa a wurina hoto shi ne abu na ƙarshe. Bindigar da ke hannunka da irin harbin da kake yi su ne za su zaɓa maka, kai naka awo ne da tambaya.

Kafin komai akwai maganar takarda. A Saudiyya lasisin makami yana hannun Ma'aikatar Cikin Gida, kuma yawancin hidimarsa ta manhajar Absher ake bi. Gyaran bindiga ma sana'a ce mai nata lasisin. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan na mai bindiga ce da aka yi wa rajista da sunansa, wanda zai sayi kaya a shago mai izini, ya kai wa makaniki mai izini ya ɗaura. Sassan makami ba irin kayan da ake oda daga Amurka a jira ɗan aike ya ƙwanƙwasa ƙofa ba ne, kwastam na iya riƙewa, kuma tambayar da za ta biyo baya ba mai daɗi ba ce. Wanda yake son ya taɓa kaya iri-iri da hannunsa, babu kamar bajekolin shaho da farauta da ake yi kowace shekara a Malham, arewa da Riyad.

Fara da sanin irin bindigarka

A aikace iri uku ne za ka tarar a hannun mutanenmu. Akwai bindiga mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi, irin su Tikka T3x da CZ 457. A yawancinsu mariƙin gaba da ƙota abu ɗaya ne, katako ko roba, don haka in za ka canza gaba sai ka canza gidan baki ɗaya, ka koma firam na alminiyam irin wanda MDT ko KRG suke yi. Akwai masu tsarin AR, wato fasalin bindigar AR-15 ta Amurka, da waɗanda suka aro fasalinsa kamar Ruger Precision Rifle, inda mariƙin gaba yake zaman kansa, ana cire shi a sa wani. Sai bindigar iska mai tankin matsi, wadda ta yi yawa yanzu, musamman ga masu neman izinin farautar tsuntsaye daga Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa ta manhajar Fitri. Ita ba ta da zafin bututu, amma maganar dogo, wato layin ƙarfen da ake ɗaura kaya a kai, da ramuka da nauyi duk ta shafe ta.

Rubuta sunan bindigarka da lambar samfurinta a takarda. Ba ƙaramin abu ba ne. A cikin tsarin AR kaɗai, ƙaramar mai harsashin .223 da babbar mai .308 ba sa musayar mariƙi. Ita babbar ma ta rabu, akwai mai dogon sama mai tudu da mai ƙasa-ƙasa, kuma in aka haɗa mariƙin wannan da jikin waccan za ka ga dogon ya yi matakala a tsakiya.

Sai awo, kuma a nan za mu daɗe

Cire gidan harsashi, buɗe sakata, duba ɗakin harsashi da ido, ka sa yatsa ka tabbatar babu komai. Harsasan su koma wani ɗaki. Sannan ka ɗauko tef da abin awon kauri.

Awo na farko tsawon bututu ne daga inda ya fito daga jikin bindiga zuwa inda zaren baki ya fara. Masu ƙera waɗannan kaya da inci suke lissafi, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne, gara ka rubuta duka biyun don kada a rikice a shago. Ƙa'idar ita ce mariƙi ya ƙare kafin baki, ya bar sarari. Bututu mai inci 16 yana ɗaukar mariƙi mai inci 13 ko 15. In ka sa wanda ya lulluɓe abin rage tsalle da ke bakin bindiga, ramukan da wuta ke fita ta gefe za su riƙa huro wa cikin mariƙin, kuma yatsunka suna nan kusa. Wannan ba maganar ado ba ce, asibiti ake zuwa.

Awo na biyu ya shafi bindigar da ke sarrafa kanta da hayaƙin harsashi. A saman bututunta akwai wani ɗan ƙarfe da ke tarar hayaƙin ya tura shi baya ta siririn bututu. Duba inda yake zaune da siffarsa. A tsarin AR wurin zamansa uku ne aka fi sani: wajen inci 7 daga jiki, ko inci 9, ko inci 12. In naka dogo ne mai ɗauke da saitin gaba kamar hasumiya, to mariƙinka dole ya tsaya a bayansa, tsawon ya riga ya yanke kansa. In kuwa kwantacce ne, mariƙi zai iya wucewa ta kansa ya rufe shi, amma sai faɗin ciki ya isa.

Shi ne awo na uku, faɗin ciki, wanda kusan kowa ke tsallakewa. Siraran mariƙan da ake yayi yanzu faɗin cikinsu bai cika wuce inci 1.3 zuwa 1.5 ba. Suna da daɗin kamu, ba musu. Amma auna tsayin matarar hayaƙinka da faɗinta har da kawunan kusoshinta, ka kwatanta da adadin da kamfanin ya rubuta. In bututunka mai kauri ne na harbin nesa, wanda wurin zaman matarar ya kai inci 0.936 maimakon 0.750 da aka saba, siririn mariƙi zai iya ƙin shiga, ko ya shiga yana gogar ƙarfe. Gugar nan ta fi ƙin shiga muni, domin ba za ka gan ta ba, sai dai ka ga harsasai suna watsewa a allo ka yi ta zargin madubin hange.

Mai ɓari biyu ko sakakke

Tsohon tsari shi ne mai ɓari biyu, sama da ƙasa, da ake maƙalawa tsakanin zobe a baya da wata 'yar hula a gaba. Yana da arha, ana cirewa ba tare da kayan aiki ba, kuma na roba mai garkuwar alminiyam a ciki yana jure zafi sosai. Aibinsa ɗaya ne, gabansa yana jingine da bututu. Duk ƙarfin da ka sa masa, ko ka ja maratayi, ko ka danna shi a kan buhun yashi, bututun ne ke ɗauka.

Sakakke kuwa a gindi kawai yake kamawa, a kan notin da ya riƙe bututu a jikin bindiga, daga nan har ƙarshensa babu inda ya taɓa bututun. Dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci shi ne bututu yana karkarwa duk lokacin da harsashi ya bi ta cikinsa. Ba a hana shi karkarwar, abin da ake so shi ne ya yi ta iri ɗaya a kowane harbi. In yau ka danna da ƙarfi gobe ka sassauta, karkarwar ta canza, wurin da harsashi zai sauka ya canza. A mita 25 ba za ka lura ba. A mita 200 bambancin zai fito fili.

To wanne za ka ɗauka? In harbinka na nishaɗi ne a zangon harbi na cikin gida, nesa kaɗan, a tsaye, mai ɓari biyu ya ishe ka, ka sa ragowar kuɗin a harsashin atisaye. In kana kwanciya da 'yan ƙafafu kana neman tara harsasai wuri ɗaya, sakakke za ka nema, kada wani ya ja ka da wata magana.

Mai bindigar sakata zai iya gwada tasa yanzu-yanzu. Ɗauki riyal biyar ɗin nan ta roba da aka fitar a 2020, ba ta yagewa da sauƙi. Naɗa ta a ƙarƙashin bututu, ka riƙe gefe biyu, ka ja ta a hankali daga gaba zuwa baya tsakanin bututu da katako. In ta zame sumul har kusa da jikin bindiga, bututun a sake yake. In ta cije a wani wuri, ka ji ta tsaya cak, to a nan katako yake taɓawa. Kada ka tsaya a nan. Ɗora bindigar a kan 'yan ƙafafunta, ka jingina kafaɗa kamar za ka harba, wani ya sake ja maka takardar. Robar ƙota mai arha takan wuce gwajin farko ta faɗi na biyu, domin tana lanƙwasa ta tashi ta taɓa bututu da zarar nauyi ya hau. Akwai kamfanonin da da gangan suke barin ɗan tudu a gaba yana tokare siririn bututu, don haka kafin ka ce a kankare, a duba ko haka aka ƙera ta.

Dogo da ramuka

Yanzu tambayi kanka me za ka ɗaura, ka faɗi gaskiya. Mafi yawanmu abu biyu ne, 'yan ƙafafu da maratayi. Shi ke nan.

Picatinny shi ne dogon nan mai haƙora, wanda sojin Amurka suka tsayar da ma'auninsa a 1995 da lambar MIL-STD-1913, ya ɗauki sunan wata ma'ajiyar makamai da ke jihar New Jersey. Faɗin kowane rami milimita 5.23, tazarar rami zuwa rami kusan milimita 10. Kada ka rikita shi da Weaver, wanda raminsa ya fi ƙunci, kayan Weaver kan hau Picatinny, amma na Picatinny sau da yawa ba sa hawa Weaver. Mariƙin da aka zagaye gefe huɗu da wannan dogo yana da ƙarfi, amma yana da nauyi, yana da kauri, kuma haƙoransa suna cin tafin hannu sai an sa masa murfi. Ga mai wasa ban ga dalilinsa ba.

KeyMod, tsarin ɗaura kaya ta ramuka maimakon dogo, ya fito a 2012, ramukansa kamar na makulli. M-LOK na kamfanin Magpul ya biyo baya a 2014, ramukansa dogaye, milimita 32 a tsawo, 7 a faɗi. A 2017 aka fitar da sakamakon gwajin da cibiyar sojin ruwan Amurka ta Crane ta yi wa su biyun, M-LOK ya yi gaba wajen riƙe kaya bayan faɗuwa da wajen komawa daidai inda yake in an cire an mayar. Tun daga nan kasuwa ta karkata. In ka ga KeyMod da rahusa mai yawa, dalilin ke nan, kuma gobe za ka sha yawo kafin ka sami abin da zai hau shi. Ɗauki M-LOK mai dogon Picatinny a sama, in ka buƙaci ɗan dogo a ƙasa sai ka sayi guntu ka ɗaura.

Masu harbin nesa suna da na huɗu, Arca, wanda aka aro daga masu ɗaukar hoto. Faɗinsa inci ɗaya da rabi, babu haƙora, sai ka zame 'yan ƙafafu gaba ko baya cikin daƙiƙa, ko ka ɗora bindigar a kan mai ƙafa uku. Masu bindigar iska sun rungume shi sosai. In ba ka taɓa jin buƙatar matsar da ƙafafun a tsakiyar harbi ba, bar shi tukuna. Duba kuma irin ƙafafun da kake da su, samfurin Harris na asali a ɗan ƙusar maratayi suke kamawa, samfurin Atlas kuwa dogo suke nema.

Abu ɗaya da ba a yi, ko da dogon mariƙin ya yi daidai da na jikin bindiga, shi ne ɗaura madubin hange ƙafa ɗaya a jiki ƙafa ɗaya a mariƙi. Mariƙi yana motsi komai ƙarfinsa. Madubi a jikin bindiga yake zama.

Rana, yashi da gishiri

Waɗanda suka ƙera kayan nan ba a Riyad suka gwada su a watan Yuli ba. Alminiyam, wanda yawanci nau'in 6061 ne, yana da sauƙi da ƙarfi, amma yana ɗaukar zafi yana miƙa shi nan take. Baƙin mariƙi da ya yi rabin awa a rana mai digiri 45 sai ya zama kamar marfin tukunyar da ke kan wuta, tun ba ka harba ko ɗaya ba. Siririn ya fi muni domin yana kusa da bututu. Magani uku ne, kuma ana haɗa su: launi mai haske irin na yashi, 'yan faifan roba da ake toshe ramukan M-LOK da su inda hannu ke zama, da safar hannu. Mariƙin zaren kabon bai cika ƙona hannu haka ba kuma ya fi sauƙi, sai dai tsada, kuma in ya bugu da dutse da ƙarfi yakan tsage maimakon ya lotsa.

Manyan ramuka suna sa bututu ya huce da wuri. Suna kuma shigar da yashi. Wannan ba abin tsoro ba ne in ba ka shafe bututun da mai ba, domin mai da yashi in sun haɗu sai su zama abin gurza. Zaɓi mariƙin da za a iya zare shi da kusoshi biyu ko uku a goge ciki, ba wanda sai an kwance rabin bindiga ba.

Mutanen Jidda da Yanbu da Dammam nasu ciwon daban ne, raɓa da iskar gishiri. Alminiyam da aka yi wa rini mai tauri ba ya tsatsa, amma kusoshinsa da notinsa sau da yawa ƙarfe ne, su ke fara ja. Katako kuma yana shan danshi ya kumbura a Jidda, ya bushe ya tsuke a Najadu. Bindigar da aka saita a bakin teku aka tafi da ita Ƙasim za ta iya sauya wurin bugu saboda wannan kaɗai. Mai yawan irin wannan tafiya ya fi dacewa da roba mai ƙarfi ko firam na alminiyam, duk da cewa ni ma na fi son ganin katakon goro mai kyau.

A gaban kantar shago

Tafi da takardar awonka. Nemi a ba ka mariƙin a hannu, ka kama shi kamar yadda kake kama bindiga, ka bi gefunan ramukan da yatsa. In suna yanka, aikin gama-gari ne. Kalle shi ta ciki a gaban fitila ka ga ko a miƙe yake. Tambayi nauyinsa tare da notinsa, domin wasu kamfanoni kan rubuta nauyin mariƙin kaɗai su bar notin ƙarfen. Siriri mai inci 15 yakan faɗa tsakanin giram 300 zuwa 400 da komai nasa. Giram ɗari a can gaba ya fi gajiyar da hannu fiye da giram ɗari a kusa da kafaɗa, don haka mai harbi a tsaye kada ya sayi tsawon da hannunsa ba ya kai wa. Mai harbi a kan benci kuwa nauyin gaba taimakonsa yake yi, yana kwantar da tsalle.

Juya gindinsa ka ga yadda yake kama notin. Mai kyau yana da 'yan kunnuwa da ke rungumar jikin bindiga don kada ya juya, da wani abin da ke hana shi zamewa gaba. Wanda matsi kaɗai ya dogara da shi, babu kunne babu makari, ajiye shi. Ka kuma yi hattara da na jabu, suna nan da tambarin manyan kamfanoni. In farashin ya yi daɗi fiye da kima, duba rubutun, duba rinin, ka sa ɗan abin M-LOK na gaske a rami ka ga ko ya zauna ba ya rawa.

Sannan ɗaurawa. Notin bututu yana da adadin ƙarfin da kamfani ya rubuta a matse shi, ana kuma yi da sifana mai awo da abin riƙe jikin bindiga, don haka aikin makaniki ne. Naka shi ne dubawa in ya gama. Dogon sama ya miƙe da na jiki, bututu ya zauna a tsakiyar da'irar in ka leƙa ta gaba bindiga a buɗe babu harsashi, riyal biyar ta wuce ko'ina.

Ƙananan kayan kai za ka ɗaura, kuma a nan ake yawan ɓata aikin da aka biya kuɗi. Na ga wani yaro a zango yana ƙorafi, ya sa sakakken mariƙi amma harbinsa ya lalace. Wani dattijo da ke layin kusa ya ce, "Ɗana, miƙo ta nan." Ya haska ciki da fitilar waya, ya nuna masa. Kusar da ta riƙe 'yan ƙafafu ta yi tsawo, ta ratsa ramin M-LOK ta je ta tokare matarar hayaƙi, har ta bar ɗan farin tabo a baƙin ƙarfen. "Baba, to sai na sayi wani?" Ya ce a'a, matsar da ita rami ɗaya baya, ko ka sa gajeriyar kusa. Kowace kusar M-LOK tana da ɗan noti mai kai kamar harafin T a ciki, wanda dole ya juya ya gitta ramin kafin ya kama. Leƙa ka tabbatar ya gitta. Magpul ya ba da awon matsi na fam-inci 35 in ƙarfe ne a kan ƙarfe, 15 in akwai roba a ciki. Ɗigon gam mai shuɗi na zaren kusa ya isa, ja ba ya kwancewa sai da wuta.

Daga nan sai zango. Saitinka na da ya tashi aiki tunda an taɓa notin bututu, sake shi daga farko. Harba biyar a kan buhu, biyar a kan 'yan ƙafafu kana dannawa gaba, biyar da maratayi a ɗaure, duk da harsashi iri ɗaya a nesa ɗaya, kana barin bututu ya huce tsakani. In rukunonin uku sun sauka kusan wuri guda, mariƙin ya yi. In ɗaya ya ware gefe, koma da fitila ka nemi inda ake taɓawa. Bayan harbi kamar hamsin sake bin kusoshin da sifana, ka ja ɗan layi da alƙalamin fenti daga kan kowace kusa zuwa jikin mariƙin, domin ranar da ɗaya ta fara kwancewa layin zai karye ka gani tun kafin ka ɗora bindigar a kafaɗa.